Hukuncin killace tafki da hana harbin tsuntsayen ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni masunci ne a fadamar Haɗejia da Nguru. Bulamanmu da sarkin ruwa sun killace wani tafki, sun hana kamun kifi da harbin dinya da kirinjijiya a cikinsa har sai hunturu ya wuce. Samari na cewa an haramta halal, tunda ruwa na Allah ne. In na jefa koma da dare, na yi laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, e, ka yi laifi, matuƙar don amfanin jama'a aka killace shi.

Samarin nan sun riƙe rabin gaskiya. Farauta halal ce, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa Musulmi suna tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. To amma abin tarayya ai ba na wanda ya riga isa ba ne shi kaɗai. Wanda ya ce kada a taɓa tafki na wasu watanni bai ce kifi haramun ba ne, lokaci ya tsara. Malaman fiƙihu suna kiran wannan hima. Buhari ya kawo cewa Manzon Allah (SAW) ya killace wurin kiwo na Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya killace wuraren kiwo na Sharaf da Rabaza. Daga nan malamai suka ce shugaba, da wanda ya wakilta, yana da ikon yin haka don maslaha.

Maslahar kuwa kun fi ni ganinta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun nan ta ragu, ciyawar kachalla ta toshe magudanai. Tsuntsayen kuma wasunsu baƙi ne, daga Turai suke ƙetaro hamada su yi hunturu a Dagona da Baturiya, cikin fadamun nan. Allah ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, tsuntsaye al'ummu ne irinku. Ni dai ina jin nauyin a ce baƙo ya yi wannan doguwar tafiya, ya sauka a gidanmu, mu ƙarar da zuriyarsa.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma da shugabanni nake. Lokacin da Umar ya naɗa bawansa Hunayyu mai tsaron hima, ya umarce shi ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya hana garken attajiran sahabbai Ibn Auf da Ibn Affan, domin su suna da gonaki da dabino da za su koma. Saboda haka in an kori talaka da rana, aka buɗe wa mai kuɗi da dare, ko Bulama ya sayar da tafkin ya sa kuɗin aljihu, wannan zalunci ne. Ko a nan ma ba a ramawa da sata. Ku kai kuka wurin hakimi. Wanda yunwa ta matsa wa kuwa, a ba shi dama a wani ruwan.

Zuba guba a ruwa ko a tsaba haramun ne, da doka ko babu, saboda hadisin "ba cuta, ba cutarwa". Tsuntsun da guba ta kashe mushe ne, ba a ci, ba a sayarwa.

Wallahu a'alam.