Kayan garka, wake mai warin piya-piya, da buhun albasar Galmi

Tambayoyi huɗu na ɗauko daga saƙonninku na wannan mako, kuma dukansu a kan abin da ke shiga tukunya ne.

Wata uwargida daga unguwar Bilbis, nan Tawa, ta rubuto: "Ɗiyata da ke karatu a Yamai ta zo hutu, ta ce mu bar cin salati da shu da tumatirin kasuwa sai wanda aka ce bio ne, wai sauran duk guba ce. Ni kuwa na ce mata namu daga garaken Tadis yake fitowa, ba daga wata ƙasa ba. Wa ke da gaskiya?"

Hajiya, kowaccenku ta kama wani ɓangare ta saki wani. Kayan bio shi ne wanda aka noma ba takin zamani, ba maganin ƙwari na kamfani, kuma wasu masu sa ido suka je gonar suka tabbatar. A kasuwar Tawa da wuya ki ga tumatir mai irin wannan shaida. Idan mai tebur ya ji kina neman bio, zai rantse miki cewa nasa bio ne, don faɗar ba ta cin masa ko dala. Saboda haka kada ki ƙara kuɗi a kan maganar baki kawai.

Amma ke ma, zaman abu na gida bai wanke shi ba. Mai garka a Tadis ko Tabalak ko Ƙonni da tsutsa ta faɗa wa tumatir zai fesa abin da ya samu, kuma da yawa daga magungunan da ake kasawa a kasuwannin ƙauye ta kan iyakar Najeriya suke shigowa, ba su da lambar amincewa ta kwamitin CSP, wanda ke tantance magungunan ƙwari a ƙasashen Sahel. Rubutun kwalbar da Ingilishi ne, mai fesawa bai karanta shi, da murfin kwalba yake aunawa, idan ya ga tsutsar ba ta mutu ba ya ninka. Babbar matsalar ma ba fesawar ba ce. Kowane magani yana da kwanakin da aka rubuta a jira tsakanin feshi da tsinka. Wanda ya fesa ranar Juma'a ya tsinko don kasuwar Lahadi, shi ne ya kawo miki abin da ɗiyarki ke tsoro.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai cika sani ba. Mutane na cewa ganyen da ƙwaro ya huda shi ne lafiyayye. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma hudar ce ta sa mai garka ya fesa jiya. Abin da ya fi amfani shi ne ki kama mutum ɗaya ko biyu masu garkar kansu, ba 'yan sari ba, ki zama mai sayensu na kullum. Kada ki tambaye shi ko yana sa magani, zai ce a'a. Ki ce: "Malam, yaushe ka yi feshi na ƙarshe, kuma da me?" Wanda ke aiki da jiƙon 'ya'yan bedi da tanka da sabulu zai ba ki labari har ki gaji, don abin alfahari ne gare shi. Wanda ya kau da kai ya shiga yabon girman tumatirinsa, kin samu amsarki.

Ki kuma bi lokaci. Daga Disamba zuwa Fabrairu, da sanyi, kayan garka sun fi yawa, sun fi araha, ƙwari kuma ba su matsa musu kamar da zafi ba. Lokacin ne za ki sayi tumatir da yawa ki yanka ki shanya kauɗa. Tumatirin da aka yi ta fama da shi har ya nuna a tsakiyar bazara ya fi shan feshi.

Sai wanki. Ki cire ganyen shu na waje ki zubar, ki kankare karoti, ki wanke salati ganye-ganye da ruwa mai yawa, ki jiƙa shi a ruwan da aka ɗiga wa jabel kaɗan, sannan ki ɗauraye. Jabel ƙwayoyin cuta yake kashewa, bai cire maganin da ya riga ya shiga jikin ganye. Ki faɗa wa ɗiyarki wannan kuma: salatin da aka noma da ɗanyen takin dabbobi, ko ɗigon magani bai gani ba, yana iya kwantar da gida guda da gudawa idan ba a wanke shi ba.

Wani malamin lakwal ya ce: "Na sayi tiya biyar ta wake, da na buɗe leda a gida sai warin piya-piya ya buge ni. Matata ta ce a shanya a rana zai fita. In ci ko in mayar?"

Malam, ka mayar. Idan ya ƙi karɓa, ka ɗauki asarar, kuma kada a ba tumaki. Piya-piya maganin ƙwari ne mai suna dichlorvos, ba a yi shi don a zuba cikin abin da mutum zai ci ba. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Rana da iska suna rage warin, amma ba ka da ma'aunin da zai gaya maka nawa ya saura, kuma ba ka san ko shi kaɗai aka zuba ba. Yaran gidanka ba wurin gwaji ba ne.

Nan gaba, kafin a auna maka, ka cusa hannu can cikin buhu, ka ɗebo ka shinshina. Kada ka tsaya ga na sama, wanda ya sha iska tun safe. Ni waken da na ga ƙwaro ɗaya ko biyu na yawo a kansa bai ɗaga mini hankali kamar wanda ya kai watan shida bayan kaka yana sheƙi, ba huda ko ɗaya, mai shi kuma ya kasa faɗin yadda ya adana shi.

Tunda albashi kake ɗauka, ga abin da zai raba ka da wannan duka. Ka sayi wakenka da kaka, Oktoba ko Nuwamba, daga hannun manomi, kafin ya shiga sito. Ka shanya shi ya bushe ƙarau, ka zuba a buhun PICS, wannan mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, kuma suka yi aiki a kansa a Maraɗi. Kowace leda ana matse iskarta a ɗaure ta dabam. Ƙwaron da ke ciki iska ke ƙare masa ya mutu, ba magani. Idan wakenka bai kai buhu ba, bido mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar mai ko magani ba ya isa: ka cika shi har wuya, ka sa leda a baki, ka murɗa murfi da ƙarfi. Sharaɗin ɗaya ne, kada a riƙa buɗewa kullum, don haka ka ware na cin wata guda dabam. Ƙwayar nan ta maganin ƙwari mai hayaƙi da wasu ke jefawa a buhu kuwa, kada ta kwana ɗaki ɗaya da mutane.

Wata amarya daga Kufan Tawa na so ta sayi buhun albasa yanzu da take araha, amma tana tsoron ta ruɓe mata.

Ƙanwata, ki saya. Daga Maris zuwa Afrilu albasar Galmi da Madawa da Tamaske ke cika kasuwa, da damina ta yi nisa kuma kuɗinta ya tashi. Sai dai kada manya-manya su ruɗe ki. Albasar da aka ɗura wa takin zamani, aka yi ta ba ta ruwa har ranar cira, tana da girma da kyan gani, amma ita ce ta fara ruɓewa. Ki zaɓi matsakaita, masu tauri, ɓawonsu ja-ja a manne yana ƙara in an taɓa. Ki matsa wuyan da yatsa: in siriri ne busasshe, ta yi, in yana da kauri da laushi, ta miyar wannan mako ce. Da kin kai gida ki juye ta daga buhu. Manoma a rudu suke ajiye tasu, bisa gadon kara, iska na shiga ta ƙasa, ke ma ki samu inuwa ki shimfiɗa ta a kan wani abu da ya ɗaga daga ƙasa, ba tsibi ba. Kowane mako ki bi ta ki tsame wadda ta fara laushi. Duk da haka wasu za su lalace, shi ya sa idan ku biyu ne a gidan, ki raba buhun da maƙwabciya.

Na ƙarshe, wani magidanci na tambaya: nonon Fulani ko garin madara, wanne zai saya wa yara?

Alhaji, ka duba bayan fakitin garin. Da yawa daga masu arahar an cire musu man shanunsu an maye da man itace, galibi na kwakwar manja, kuma za ka ga an rubuta hakan da Faransanci a jerin abin da ke ciki. Madarar shanunmu ta fi shi, muddin an tafasa ta, don ɗanya tana iya ɗauko tarin fuka da wasu cututtukan shanu. Ka samu mai kawo maka da safe, uwargida ta tafasa, ta kwantar da kindirmonta da kanta. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa, nonon uwarsa kaɗai za a ba shi.