Tambayi Likita: Na Zuƙi 50 a Maimakon 5

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. An ba ni allurar rage ƙiba ta semaglutide a 'yar kwalba tare da sirinji, aka ce in riƙa yin "5" duk mako. Na ja har layin 50, yau kwana biyu ina ta amai. Ina na kuskure?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, sannu da jiki. In yunit 5 ake nufi, ninki goma kika yi wa kanki. A sirinjin insulin na U-100, yunit 100 su ne mililita 1, don haka yunit 5 bai wuce 'yan ɗigo ba. Idan mutum ya gan shi sai ya raina, ya ƙara ja. A 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi kan irin wannan, inda wasu suka yi ninki 5 zuwa 20.

Ki je asibiti yau, ki tafi da kwalbar da sirinjin. Maganin yakan ɗauki kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jiki, kuma yawan amai na ƙarar da ruwan jiki. In ciwon ciki mai tsanani yana harbawa zuwa baya, kada ki jira ko awa ɗaya.

Ni dai na ga laifin wanda ya ce miki "5" kawai. Biyar ɗin me? Miligiram daban, mililita daban, yunit daban, kuma ƙarfin maganin ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Ki sa a nuna miki layin da yatsa, ki ja a gabansu. Allurar Wegovy ma, wadda ita ma semaglutide ce, da miligiram 0.25 ake farawa, sai bayan mako 4 a ƙara. Kada ki sake yin allurar sai likitanki ya ce.