Jirgi ya iso Lome, yaushe motar Baba za ta shigo Maraɗi?

Wani ƙanenmu ɗan Maraɗi da ke aiki a Buruksel, ƙasar Beljiyam, ya rubuto mini cikin damuwa. Ya ce shekara huɗu yana tarin kuɗi har Allah ya nufa ya sayi sabuwar mota fil don mahaifinsa. Ya damƙa ta ga wani tiranziter, wato mai aikin tura kaya da takardunsu, a Anbers, tashar jiragen ruwa ta Beljiyam, aka ce masa kwana 21 ta iso. Jin haka ya buga waya gida ya ce Baba zai je idi a cikinta. Yau kwana 50 ke nan, intanet na nuna masa jirgi ya isa Lome, motar kuwa shiru. 'Yan'uwa sun fara ƙus-ƙus a unguwa cewa babu wata mota. Tambayarsa ita ce: an cuce shi ne, ko haka abin yake?

Ƙanena, ka kwantar da hankalinka tukuna. Na yi shekaru ina fiton motoci a Kwatano kafin in dawo gida, kuma abin da ka faɗa bai yi kama da cuta ba tukuna. Kwana 21 ɗin da aka gaya maka tafiyar ruwa ce kaɗai. Daga Anbers zuwa Lome jirgi yakan yi mako biyu zuwa uku, gwargwadon tashoshin da zai tsaya a hanya, irin su Dakar da Abijan da Tema. Wanda ya karɓi motarka ya gaya maka iyakar aikinsa ne, kai kuma ka ɗauka ƙofar gidanku da ke unguwar Zariya a Maraɗi yake nufi.

Bari in fassara maka abin da kake gani a waya, don kalmomin nan suna ruɗa mutane da yawa. In an rubuta an yi wa mota rajistar wuri a jirgi, to wuri kawai aka kama mata, tana iya nan a fili tana shan ruwan sama. In an rubuta ta shiga tasha, an karɓe ta a ƙofa ke nan. Sai ka ga an ce an loda ta, sannan ta hau. Sau da yawa jirgi yakan cika ya bar wasu motoci su jira na baya, kuma ba kowane tiranziter ke kiran mai kaya ya gaya masa ba. Ranar isowa da suke rubutawa da haruffan ETA ƙiyasi ce, tana matsawa gaba. Ko jirgi ya iso, yana iya kwana a kan ruwa yana jiran layin shiga. Bayan haka a sauke mota, bayan saukewa a fitar da ita daga por, wato tashar jiragen ruwa, kuma tsakanin waɗannan biyun ne kwanaki suka fi salwanta.

Motar da aka tuƙa ta shiga jirgi da ƙafarta, da lambar shasi ake bin sawunta, wato haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ake gani ta ƙasan gilashin gaba. In a kwantena take, lambar kwantenar haruffa huɗu ce da lambobi bakwai. Shi kansa jirgin kana iya ganinsa a MarineTraffic ko VesselFinder in ka san sunansa. In ya ɓace maka kwana biyu-uku kada gabanka ya faɗi, ya yi nisa da gaɓa ne, na'urorin bakin teku ba sa jin siginarsa.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe: konesma, takardar da 'yan fito ke kira BL. Ita ce shaidar cewa kamfanin jirgi ya karɓi motarka, kuma wanda sunansa ke kanta a matsayin mai karɓa shi za a ba mota. Ka duba kwafinka yau ɗin nan. Sunan wa aka rubuta? Lambar shasin ta yi daidai harafi da harafi? An rubuta cewa kaya ne masu wucewa zuwa Nijar? Harafi ɗaya in ya kauce, duwan ba za su taɓa takardar ba sai an gyara daga can inda aka yi ta. Na taɓa riƙe aikin wata mota da ta yi wata biyu a por, ƙura ta rufe gilashinta har ba a iya karanta lambar da aka rubuta da fenti, batir ya mutu, taya ɗaya ta kwanta. Dalili kuwa, wanda ya aiko ta bai gama biyan kuɗin jirgi ba, aka riƙe asalin konesma a durowa can Turai. Mai motar na ta zagina a waya, ni kuma ba ni da abin da zan nuna a bakin taga. Kullum kuɗin ajiya na ƙaruwa, don kwanakin da tasha ke ba ka kyauta ƙidayayyu ne, in sun ƙare kowace rana da kuɗinta. Don haka ka tambayi tiranziter ɗinka kai tsaye: an saki konesma ko ba a saka ba? Ka kuma tambaye shi takardar bin sawun kaya ta BSC, wadda CNUT, hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar, ke nema a kan kayan da za su shigo Nijar.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ta canza komai. A da mota na fita Kwatano ta bi Paraku, ta haye gadar Malanbil zuwa Gaya, ta biyo Doso da Ƙonni, cikin 'yan kwanaki ka ji hon a ƙofar gida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Nijar da Benin. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren da Benin, kaya suka koma bi ta Lome. Daga can sai a haura Togo gaba ɗayanta, a shiga Burkina Faso, a bi Kaya da Dori zuwa Tera da rakiyar sojoji saboda rashin tsaro. Ayarin ba ya tashi don mota ɗaya. Sai an taru, sai an ba da izini, kuma babu direban da ya isa ya sa maka rana. Wanda duk ya rantse maka da rana a wannan hanyar, daɗin baki yake yi maka.

In ta iso Yamai ma da saura: biyan duwan, gishe na motoci, kart giriz, lamba, inshora. Sannan ta kamo hanyar Doso, Dogonduci, Ƙonni, Madawa, Gidan Rumji, fiye da kilomita 600. Tunda sabuwa ce, ka tambaya tun yanzu ko a kan babbar mota za a ɗoro ta ko direba ne zai tuƙo ta. Kuɗin ba ɗaya ba ne, kuma halin da za ta iso a ciki ma ba ɗaya ba ne.

Wani abu a gefe, tunda a Beljiyam kake: ka adana takardar fitar da motar daga Tarayyar Turai wadda duwan ɗinsu suka tabbatar. Harajin TVA a can kashi 21 ne cikin ɗari, kuma wannan takardar ce hujjar da dila zai nema kafin a yafe shi ko a mayar maka.

Kuɗi kuma, kada ka ƙara aika ko dala sai an turo maka hoton resi mai hatimi da ke nuna abin da za a biya. In aka ce "an tsare mota, turo da sauri", ka ce a nuna maka takardar tsarewar. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarka shi ne maganar Baba. Na san zafin a ce ɗan ci-rani ya yi ƙarya, alhali kai ka san sanyin da ka sha da asubar da ka yi ta bugawa kafin kuɗin nan su taru. Ka kira shi da kanka, kada ka aika ta bakin wani. Ka ce, "Baba, na yi gaggawar sa rana, ka gafarce ni. Mota ta sauka Lome, hanya ce ta rage." Ka tura wa yayanka hoton konesma da hoton motar a WhatsApp ya nuna masa da idonsa. Dattijon da ya ga fatake na jiran ayari tun yana yaro zai gane wannan jiran fiye da yadda kake zato. Masu ƙus-ƙus kuwa ka ƙyale su, kada ka sake sa wata rana don ka rufe musu baki.

Ka samo mini abu uku a wannan makon: kwafin konesma, ranar da aka sauke motar daga jirgi, da sunan wanda ke riƙe da takardunta a Lome. In na gan su zan gaya maka a wane mataki take da kuma wanda ya kamata ka matsa wa. Allah ya kawo ta lafiya, ya sa Baba ya more ta.