Filasta Mai Miƙewa: Iyakar Janta da Iyakar Aikinta

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake hana ka jan filastar nan mai launi har iyakarta, alhali a ganinka gwiwar da aka ɗaure tamau ta fi samun kariya, sannan ka ƙara da cewa ko da gaske tana warkar da rauni. Tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya ne, domin kana yi mata kallon farar filasta mai tauri wadda muke ɗaure wa 'yan ƙwallo idon sawu da ita, ga shi kuwa ba aikinsu ɗaya ba.

Farar filasta ba ta miƙewa, an yi ta ne don ta tauye motsin gaɓa, shi ya sa ake cire ta da zarar an tashi wasa. Ita kuwa wannan da ake kira kinesiyo, wadda Kenzo Kase, wani mai aikin gyaran ƙashin baya ɗan ƙasar Japan, ya ƙirƙiro a shekarun 1970, da auduga da zaren roba aka saƙa ta, tana miƙewa ta tsawo amma ba ta faɗi ba, kuma an yi ta ne domin mutum ya ci gaba da motsi tana jikinsa. Abin da yake miƙewa haka ba zai riƙe gwiwar ƙato yana tsaka da gudu ba, ko da ka ja shi da dukan ƙarfinka. Abin da za ka samu kawai shi ne fata ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci har bororo ya tashi a bakin filastar.

A fata take aikinta. Masu yin ta suna cewa tana ɗan ɗaga fata sai ruwan kumburi ya samu hanya, amma gwaje-gwajen da aka tattara aka auna sun nuna cewa amfaninta bai wuce ɗan sauƙin ciwo na gajeren lokaci ba, kuma sau da yawa ba ta fi wadda aka manna haka kawai ba. Sunanta ya yi nisa ne tun wasannin Olamfik na Beijing a 2008, lokacin da aka gan ta a kafaɗar Kerri Walsh, 'yar wasan ƙwallon raga ta bakin teku daga Amurka, sai kuma 2012 da Mario Balotelli, ɗan ƙwallon Italiya, ya tuɓe riga bayan ya ci Jamus, duniya ta ga layuka shuɗɗa a bayansa. Launin ma ado ne, baƙa da shuɗiya duk saƙarsu ɗaya. Ni dai ina amfani da ita saboda mai ciwo yana jin ta a jikinsa, tana tuna masa yadda zai riƙe kafaɗa ko ya taka ƙafa, kuma idan ciwo ya ɗan lafa yakan yarda ya yi atisayen da muka ba shi. Atisayen ne yake dawo da ƙarfin tsoka, sai ka riƙa faɗa wa mutane haka tun kafin ka karɓi kuɗinsu.

To, ga yadda hannunka zai yi. Ɗauki sha-raɓar da ta yi tsami bayan gudu. Mutum ya kwanta rub da ciki, ka auna daga diddige zuwa ƙasan bayan gwiwa, ka yanka, sannan ka zagaye kusurwoyin da almakashi don kada safa ko wando su kama su su ɓanɓare. Ka yage takardar baya kusa da ƙarshe ba tare da yatsanka ya taɓa gam ɗin ba, ka manna kamar faɗin yatsu uku a diddige babu ja ko kaɗan. Daga nan sai ka tanƙwara masa ƙafa, yatsu su fuskanci ƙauri har tsokar ta miƙe, ka shimfiɗa filastar a kanta da ɗan ja mai sauƙi, domin tun daga masana'anta an riga an ɗan ja ta a kan takardarta. Ƙarshen sama ma a sake shi babu ja. Ka goge ta da tafin hannu har ta yi ɗumi, saboda zafi ne yake tayar da gam ɗin. Idan ya saki ƙafarsa za ka ga filastar ta yi 'yan tattara-tattara tare da fata, wannan ita ce shaidar cewa tsokar ka miƙar, ba filastar ka wahalar ba.

Yawancin wadda take faɗuwa da wuri laifin fata ne. A lokacin hunturu kowa yana zuwa da man shafawa a jiki, a bazara kuma gumi, saboda haka sai an wanke wurin ya bushe sarai, an rage gashi idan yana da yawa, kuma a manna aƙalla rabin awa kafin a shiga fili. Takan yi kwana 3 zuwa 5 har da wanka, amma a zafin ƙasarmu na fi son a duba ta kafin nan. Wajen cirewa a bi kwanciyar gashi a hankali, ana danne fata da ɗaya hannun, idan ta ƙi a shafa mata mai.

Akwai inda ban yarda ka manna ta ba ko da an roƙe ka: a kan miki ko ƙuraje, a fatar da ta kumbura ta yi ja da zafi, a wurin da ake jinyar ciwon daji, ko a ƙafar mai ciwon suga wadda ta daina jin taɓi. Tsofaffi masu siririyar fata ma a yi hattara da su, kuma wanda ya ji ƙaiƙayi ya cire nan take. Idan sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zogi ba tare da an buge ba, wataƙila gudan jini ne a jijiya, asibiti za ka tura shi a ranar, ba tausa ba filasta. Haka wanda ya zo da abin da ya kira targaɗe amma ba ya iya taka ƙafar taku huɗu, ko kuma ka danna ƙashin idon sawun ya zabura, kada ka yanka masa komai sai ya je an ɗauki hoton ƙashin ya kawo mana sakamako.