Ku Tambaya Mu Amsa: Baje kolin tsofaffin motoci a kan tebur

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah akwai wasu hotuna da nake gani a Instagram na tsofaffin motoci an jere su a kan ciyawa mutane na zagaya su, sai daga baya na gane ashe ƙananan motocin wasa ne aka haɗa a kan tebur. Nima ina da 'yan motocin da na tara, wasu Hot Wheels wasu manya, inaso in haɗa irin wannan amma ban san ta ina zan fara ba. Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya naji daɗin tambayar nan. Diyorama ake ce ma abin, kuma kafin ka sayi gam ko fenti akwai aikin da zaka fara yi, ka ware motocin nan naka gida gida, domin kace wasu ƙanana wasu manya to nan matsalar take. Ka juya cikin kowacce zaka ga galibi an rubuta lamba, 1:18 ko 1:24 ko 1:43 ko 1:64, ma'ana sau nawa aka rage ainihin motar. Ɗauki Fijo 504 da aka riƙa haɗawa nan Kaduna tun 1975, tsawonta kusan mita 4 da rabi ne, a 1:24 zata dawo kamar santimita 19, a 1:43 santimita 10 da ɗoriya, a 1:64 kuwa 7 kacal. In ka haɗa su fili ɗaya ko yaro ya kalla zai ce wasa ne. Kuma ba mota kaɗai ba, mutum, kujera, rumfa, bishiya, komai sai ya bi lamba ɗaya. Mutum mai tsayin mita 1.7 a 1:24 santimita 7 ne, a 1:64 bai kai 3 ba. Hot Wheels ana lissafa su a 1:64 amma ka lura ba dukkansu ne daidai ba, ana ƙera su ne su shiga kwalinsu, shi yasa zaka ga babbar mota da ƙarama tsawonsu ya kusa zama ɗaya. Ni in ka bi tawa ka fara da 1:24, kamfanoni irin su Maisto da Bburago suna yinta sosai, ta fi daɗin aiki a hannu kuma ta fi kyau a hoto.

Sai ka zaɓi wane baje koli kake kwaikwaya, dan ba iri ɗaya bane. Pebble Beach a Kalifoniya ta Amurka tun 1950 ake yi, a watan Agusta, motoci a kan ciyawar filin golf ga teku a bayansu, kowace mota da sarari tsakaninta da 'yar'uwarta. Goodwood Revival kuma a Ingila ne, an fara 1998, filin tsere ne kuma mutane na zuwa da shigar zamanin da, na shekarun 1940 zuwa 1960, kaga in ita ka zaɓa dole 'yan mutanenka su sa kaya irin na lokacin. Ka zauna ka kalli hotunan wajen sosai, inda mutane ke taruwa, wanda ya sunkuya yana leƙa inji, wanda ya goya hannu a baya. Baje koli ba gareji bane, kar ka jere su reras, ka ɗan karkata wasu, ka buɗe bonet ɗin ɗaya.

Kayan aiki kam duk suna kusa da kai. Falle ɗaya na katako, farin gam ɗin kafintoci, garin katako ka tankaɗe shi ka rina da koren fenti kala biyu ya bushe ka barbaɗa, ciyawa kenan. Kwalta kuma sanfefa mai laushi, tsinken sakace da zare su zama shingen igiya, kwali ya zama rumfa. Duk wanda ya taɓa yin motar kara yana yaro hannunsa ya riga ya san rabin aikin.

Tambaya: Yaya barka da aiki. Na haɗa nawa da motoci 1:24 kuma a ido yayi kyau wallahi, amma da na ɗauka da waya sai ya fito kamar kayan wasan yara, gaba ras baya duk dishi dishi. Sai na sayi babbar kyamara ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: A'a ƙanwata, ki riƙe kuɗinki. Akwai wani Ba'amurke Michael Paul Smith, ya rasu 2018, da motoci 1:24 ya shahara a duniya kuma ƙaramar kyamara mai araha yake amfani da ita. Abin da yake yi shine ya fito da teburin waje, ya daidaita shi da gidaje da bishiyoyi na gaske da ke can nesa, a hoto sai su haɗe kamar waje ɗaya.

Ina kyautata zaton daga sama kike ɗauka, kina tsaye. To ki sauko, idon kyamara ya zo daidai idon ɗan mutumin da ke cikin filin, wato kamar santimita 6 ko 7 daga ciyawar, ki juya wayar kanta ya koma ƙasa dan lens ɗin ya sauka sosai, wannan kaɗai zai canza miki hoton fiye da duk wani abu da zan faɗa. Dishi dishin kuma kusanci ne ya jawo, in kyamara ta matso abu sosai ɗan yanki kaɗan ne ke fitowa ras, kuma ido ya saba duk hoton da ya gani haka ƙaramin abu ne. Ki kashe portrait, wato tsarin kyamarar waya da ke sa bayan hoto dishi dishi, ki ɗan ja baya ki yi zum kaɗan, ki tokare wayar da wani abu ki sa taima dan kar hannu ya girgiza ta. Mai babbar kyamara sai ya tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, wasu ma hotuna da yawa suke ɗauka suna matsar da fokas daga gaba zuwa baya sannan su haɗe su a kwamfuta.

Filasha kam ki manta da ita. Ki fita da hantsi ko bayan la'asar, ranar da ke haska bishiyar gaske ita ke haska motarki, inuwa duk ta faɗi gefe ɗaya. Kuma ki goge kowace mota da burushi mai laushi dab da ɗauka, musamman lokacin hunturu, ƙurar da ido bai gani ba a hoto sai ta fito ɓaro ɓaro a kan bonet.

Tambaya: Malam na manna gilashin mota da sufa gulu sai yayi fari fat, me ya faru? Daga Maraɗi.

Amsa: Tururin gam ɗin ne yake kwanciya a kan roba mai haske in yana bushewa, kuma da wuya ya fita gaba ɗaya. Nan gaba ka ɗiga farin gam kaɗan da tsinke, in ya bushe baya nuna kansa. Haka in da farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin kayi tudu, kar sufa gulu ko fentin feshi su taɓa shi, cinye shi suke yi, ka shafa mai farin gam tukun sannan kayi fenti mai haɗin ruwa.