Ɗakin yana ƙamshin Dettol, me ya sa ɗinkin ƙanwata ya yi ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. An yi wa ƙanwata tiyatar haihuwa a wani asibiti nan Kumasi. Kwana shida da sallamarta ɗinkin ya kumbura yana fitar da mugunya, ga zazzaɓi. Abin da ya ɗaure mini kai, ɗakin da aka kwantar da ita kullum ƙamshin magani yake yi. Ni ma da hannuna nake haɗa Parazone da Dettol da Omo a bokiti in goge ƙarƙashin gadonta. Yanzu dangin mijin suna cewa baki ne. Wallahi hankalina a tashe yake. Daga wata 'yar'uwa a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da aka samu. Kafin komai, a mayar da ita asibiti yau ɗin nan. Mugunya da zazzaɓi bayan tiyata ba a kwana da su a gida. Za a ɗebi ruwan ciwon a auna, a ga wace ƙwayar cuta ce da maganin da ke jinta. Kada kowa ya fasa kafso ya barbaɗa mata a ɗinkin. Addu'a kuwa a ci gaba da yi, a hanyar asibiti.

Irin wannan ba baƙon abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022, cikin marasa lafiya 100 da aka kwantar a ƙasashe irin namu, kusan 15 kan kwashi wata cuta a asibitin. A ƙasashe masu arziki 7 ne.

Yanzu bari in zo kan bokitin nan naki, don shi ne abin da nake fama da shi kowace safiya a wurin aiki, har da ma'aikata. Mutanenmu sun ɗauka hanci ne ke auna tsabta: in ɗaki ya gauraye da ƙamshin Dettol, shi ke nan an kashe cuta. Ƙwayar cuta ba ta jin wari. Ƙwayar da ake kira Staphylococcus, wadda ta fi yawan lalata ɗinki, tana iya yin kwanaki har makonni a busasshen ƙarfen gado, ɗakin yana ta ƙamshi.

Haɗin gambizar nan ma rage ƙarfin maganin yake yi. Sinadarin kulorin da ke cikin bilic, wato irin Parazone ɗin nan naki, yana ƙarewa a kan duk abin da ya tarar a bokitin, ko datti ne ko wani maganin, kafin ya kai ga ƙwayar cutar. In kuwa aka haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, hayaƙin da ke tashi guba ne ga huhu, ga jariri kwance kusa. Na taɓa samun wata mai shara tana tari, idanu jajur, tana ce mini ai alamar maganin yana aiki ne.

Yadda ake yi: a fara wankewa da ruwa da sabulu, sannan a bi da bilic shi kaɗai cikin ruwan sanyi. In kwalbar ta nuna kashi 5 cikin ɗari, murfi 1 ake sa wa murfi 49 na ruwa don goge kaya. In jini ne ya zuba, murfi 1 ake sa wa murfi 9 na ruwa. A bar wurin a jiƙe aƙalla minti ɗaya, wurin jini minti goma. Haɗin jiya a zubar, ya sane. Wanda ake ɗurawa a robar ruwa a kasuwa ba rubutu ba komai, mai talla yana rantsuwa cewa ya fi na kamfani, ki bar masa abinsa. Shi kansa bai san ƙarfinsa ba.

Kuma ƙarƙashin gado kika goge, alhali ciwon ba ya taɓa ƙasa. Abin da hannu ke taɓawa shi ne matsala: ƙarfen gado, sandar ƙarin ruwa, mariƙin ƙofa, kan famfo, durowar da ake ajiye kular abinci, wayar salula. Ki tuna ranar da 'yan barka suka zo, mata nawa suka zauna a bakin gadon suna miƙa wa juna jaririn, nawa ne suka wanke hannu?

Hukumomin asibiti ma ba zan ƙyale su ba. Ana ba mutum ɗaya ɗakuna uku da tsumma ɗaya, ba horo, ba safar hannu, ya goge banɗaki ya dawo da ruwan nan mai launin toka ya goge gefen mai jego. Sai a rubuta takarda ana neman bokiti, ta yi wata biyu tana yawo daga ofis zuwa ofis.

In an sake kwantar da ita, ki riƙa goge ƙarfen gadon da durowar da tsumma mai tsabta sau biyu a rana, ki rage masu ziyara. Duk wanda zai buɗe bandejin, nas ce ko likita, kina da damar ki tambaye shi cikin ladabi ko ya wanke hannu.