Na hana ɗana abinci shida saboda ekzima, ƙaiƙayin bai daina ba: me ya rage in cire?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da wata 15. Tun yana wata 3 ekzima, ciwon fatar nan mai ƙaiƙayi, ta kama shi a kumatu, wuya, bayan gwiwa da lanƙwasar hannu. Da dare ba ma runtsawa, susa yake har sai ya yi jini. Wata 4 da suka wuce aka yi masa gwajin jini na alaji, wato na gano abincin da jikinsa ba ya karɓa, takarda ta fito da abinci shida: madarar shanu, ƙwai, alkama, waken soya, kifi da gyaɗa. Na cire su duka, ni ma na daina ci tunda yana shan nono. Kafin gwajin yana cin biyar daga ciki lafiya lau, gyaɗa ce kawai bai taɓa ci ba. Fatar tana nan jiya i yau, ga shi ya rame, an auna shi bai ƙara nauyi ba. An ba ni man shafawa mai sitiroyid amma tsoronsa nake ji, sau biyu kawai na shafa. Yanzu wata ta ce in aika gashinsa a yi wani gwaji da ke gano abinci 200. Don Allah me ya rage in cire? Na rasa inda zan sa kaina.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Maman yaro. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma sannu da ɗawainiya. Kada ki ƙara cire komai, kada kuma ki aika gashin nan ko'ina. A duk wasiƙarki, ramar nan da tsayawar nauyi su suka fi tayar min da hankali. Yaro ɗan wata 15 da ya yi wata 4 bai motsa a sikeli ba yana bukatar likitan yara ya gan shi a cikin makon nan, a duba katin awonsa, a duba jininsa.

Ke da kanki kin riga kin yi gwajin da ya fi na takardar ƙarfi. Kin cire abinci shida tsawon wata 4, fata ba ta canza ba. In da su ne ke hura wutar, da kin ga sauyi cikin mako 2 zuwa 6. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari in tsaya a kan abin da nake fama da shi kusan kullum a ɗakin duba marasa lafiya, wato tunanin cewa hana yaro abinci ba ya cutarwa, in bai yi amfani ba ai bai yi illa ba. Uwa za ta shigo, ta zaro takarda a naɗe daga jaka, duk an ja layi da jan biro, ta shimfiɗa min a tebur kamar hukuncin kotu. In tambaye ta, kafin gwajin nan da ya ci ƙwai me ya faru? Ta ce babu komai. Leɓe ya kumbura? A'a. Ya yi amai? A'a. Jiki ya yi borin jini? A'a. To yaron da ya ci ƙwai ya tashi ya ci gaba da wasansa ba shi da alajin ƙwai, ko da takarda ta rantse da abin da zai kashe ta.

Gwajin jinin da aka yi wa ɗanki yana auna IgE ne, wani sinadari da garkuwar jiki ke yi. Shi da gwajin tsaga fata suna nuna cewa garkuwar jiki ta san abincin nan, ta yi masa rajista. Sanin abinci daban, yin faɗa da shi daban. Masu ekzima kuwa IgE ɗinsu a sama yake tun asali, shi ya sa in aka yi musu gwajin abinci da yawa a lokaci ɗaya takarda ke cika da ja. A wani bincike da aka wallafa a 2011 daga birnin Denba na Amurka, an ɗauki yara 125, galibinsu masu ekzima, waɗanda aka hana abinci iri-iri. Aka riƙa ba su abincin kaɗan-kaɗan a gaban likita. Kashi 84 zuwa 93 cikin 100 na abincin da aka hana su an mayar musu da shi. Ki duba yawan yunwar da aka sha a banza.

Gaskiya ne akwai dangantaka tsakanin ekzima da alajin abinci. Kusan ɗaya cikin uku na yaran da ekzimarsu ta yi tsanani suna da alajin wani abinci na gaske. Amma mutane sun juya lissafin. A mafi yawan yara fata ce ke fara lalacewa. Tun 2006 masu bincike a Dundi ta Sukotland suka nuna cewa tangarɗa a sinadarin filagirin, wanda ke ɗinke saman fata, tana daga manyan dalilan ekzima. Fatar ta zama kamar katangar da ta tsattsage, danshi na fita, ƙura da ɓurɓushin abinci na shiga. In garkuwar jiki ta fara haɗuwa da ƙwai ko gyaɗa ta tsagar fata mai kumburi, sai ta ɗauke su abokan gaba. In ta baki da hanji ta fara haɗuwa da su, kuma ta ci gaba da haɗuwa da su, sai ta saba. Wannan sabon ba gado ba ne da ake ajiyewa a akwati. Ci ne ke riƙe shi.

A nan haɗarin yake. Yaron da takardarsa ta nuna IgE ga madara amma yana sha lafiya, shan nan da yake yi shi ke kare shi. In aka yanke masa wata da watanni, sabon na iya warwarewa, ranar da ya sake kurɓa jiki ya tayar da bori. A 2016 an wallafa bayanan yara 298 da aka duba a Cikago saboda zargin abinci na tayar musu da ekzima. Cikin yaran da aka ce abinci ne ke tayar musu da ita, kuma ba su taɓa samun alaji mai saurin tashi ba, kashi 19 cikin 100 sun same shi bayan an hana su abincin. Kashi 30 cikin 100 na abin da ya faru da su kuwa irin mai tsananin nan ne da ke iya toshe numfashi. Yaro ya zo da ƙaiƙayi, ya koma da ciwon da sai an riƙa yawo da allurar adirenalin ta ceton gaggawa a jaka. Garin neman ƙiba an samo rama.

Mu likitoci ma mun taɓa faɗawa wannan ramin, don kada ki ce laifin iyaye nake gani kawai. A 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a jinkirta gyaɗa har shekara 3 ga yaran da ake jin tsoron za su yi alaji. A 2008 ta janye. Sai a 2015 wani babban bincike na Landan ya fito: jarirai 640 'yan wata 4 zuwa 11, masu ekzima mai tsanani ko alajin ƙwai, aka raba su biyu. Da suka kai shekara 5, kusan kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana gyaɗa sun kamu da alajinta, a waɗanda aka riƙa ba su kuwa kashi 3 ne. Kan masana ya waye, amma tsohuwar maganar tana nan tana yawo a wayoyin mutane kamar jiya aka faɗe ta.

Sai kuma yunwar kanta. Madara, ƙwai, kifi, waken soya, ai kusan duk abin da ke gina jikin yaro ke nan kika kwashe, da sinadarin kalsiyam na ƙashi da haƙori. A Amurka, ƙasar da abinci ya wadata, likitoci sun rubuta labarin jarirai da suka kamu da kwashoko, tamowar nan mai kumbura jiki, saboda an maye musu madara da ruwan shinkafa da ake sayarwa da sunan madara, wanda furotin ɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wasu kuma ƙashinsu ya lanƙwashe. Fatar da ba ta samun abin gini ba ta warkewa, sai a ga ta ƙara lalacewa, sai a ce ai akwai sauran abin da ba a cire ba, a ƙara cirewa. Haka ake ta zagaye. Nonon akuya da wasu ke komawa gare shi ma ba mafita ba ne, furotin ɗinsa ya yi kama da na shanu sosai, mafi yawan masu alajin ɗaya suna da na ɗayan. Ke kuma mai shayarwa, ki koma cin abincinki yau ɗin nan. Babu dalilin da za ki zauna da yunwa kina shayar da yaron da shi kansa kafin gwajin yake cin biyar daga cikin waɗannan abubuwan ba tare da matsala ba.

Gwajin gashi kuwa, ki yi haƙuri, damfara ce sanye da farar riga. Gashi ba ya nuna alaji. Haka gwajin IgG da ake tallatawa a intanet da jerin abinci 100 ko 200. IgG alama ce kawai cewa mutum yana cin abincin, shi ya sa kullum abin da yaro ya fi ci shi ke fitowa. Ƙungiyoyin likitocin alaji na Turai, Amurka da Kanada duk sun ce kada a yi amfani da shi. Masu wannan sana'a ba su ga yaron ba, ba su taɓa fatarsa ba, ba za su zo ranar da ya kasa numfashi ba. Sun karɓi kuɗi, sun turo takarda mai launi, sau da yawa da nasu kwalaben magani a biye. Ina jin haushinsu fiye da yadda ya dace in rubuta a nan.

To yaya za a mayar da abincin? Ba a gida ke kaɗai ba, tunda wata 4 sun shige kuma gwajinsa ya nuna IgE. Ki nemi likitan alaji ko likitan yara da ya san aikin, ki je da takardar. Zai auna tarihin kowane abinci da lambar da ta fito, ya ware waɗanda za ki mayar a gida da waɗanda sai a asibiti, inda ake ba yaro ɗan mitsitsi, a jira, a ƙara, da magani a kusa. Gyaɗar da bai taɓa ci ba lalle a gabansu za a fara, kuma a niƙe, don ƙwayar gyaɗa tana shaƙe ƙananan yara. Kada ki bari a yi ta ɗaga miki rana, kowane wata da ya ƙaru sabon na ƙara nisa. Duk abincin da ya dawo lafiya, a ci gaba da ba shi a kai a kai kowane mako.

Akwai inda cire abinci yake daidai. In cikin mintuna zuwa awa 2 da ci yaro ya yi borin jini, ko kumburin fuska, ko amai, ko tari da shaƙewa, wannan abincin a dakatar da shi a ga likita. In kuma an yi wa fata magani yadda ya kamata ta ƙi, ana kuma zargin abinci ɗaya takamaimai, musamman in akwai gudawa ko jini a kashi, ana iya cire shi kaɗai na mako 4 zuwa 6 da sanin likita, sannan a dawo da shi a gani. In ba a dawo da shi ba, ba a yi gwaji ba.

Yanzu fatar. Kin ce sau biyu kika shafa man. Na saba ganin haka, uwa ta miƙo min bututun da aka ba ta wata biyu baya, ko lotsawa bai yi ba. Ekzimar ɗanki ba a fara yi mata magani ba tukuna. Sitiroyid na shafawa, in ƙarfinsa ya dace da wurin kuma an bi kwanakin da likita ya faɗa, ba ya lalata fatar yaro. Na fuska mai sauƙi ne, irin haidirokotizon kashi 1, na jiki kan ɗan fi shi ƙarfi. Ma'auninsa: ki matso daga kan ɗan yatsanki manuni zuwa gaɓar farko, wannan ya isa wuri mai faɗin tafin hannunki biyu. A shafa kullum har wurin ya yi santsi ƙaiƙayi ya tafi. Ga yaran da abin ke yawan dawowa a wuri ɗaya, mukan ce a ci gaba da shafawa kwana 2 a mako a wurin. Farin tabo ko duhun da ke biyo baya, wanda ake ɗora wa man laifinsa, yawanci sawun kumburin ne, kuma yana gogewa a hankali. Wanda za ki guda shi ne man haɗi marar takarda da ake cewa na ganye ne zalla, don an sha samun sitiroyid mai ƙarfin gaske a ɓoye a irinsu.

Man laushin fata marar turare kuwa, kamar Vaseline, a yalwace ake shafa shi, jiki duka, aƙalla sau biyu a rana, ko fata ta yi kyau. Yaro mai ekzima a faɗin jiki kan cinye giram 250 zuwa 500 a mako. Ki wanke hannu kafin ki shafa masa, kada ki kai wa fatarsa ragowar abincin da kika taɓa. Wanka gajere da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a rage sabulu, a tsane jiki da tawul ba gurzawa, a shafa mai nan take. A yanke masa farce, tufafinsa su zama na auduga.

In kika ga wurin yana tsattsafo ruwa da ɓawo ruwan ɗorawa, ƙwayar cuta ta shiga, yana bukatar magani. In ƙananan ƙuraje masu ruwa iri ɗaya suka feso a tare, suna fashewa suna barin ramuka, ga zazzaɓi, wannan na gaggawa ne, a ranar za a kai shi. In kuma bayan cin wani abu leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dushe, numfashi na fita da ƙara, ko jikinsa ya saki, kada ki tsaya neman maganin sha ko kiran wata ƙawa, ki ɗauke shi sai asibiti mafi kusa, ki faɗa musu abin da ya ci da lokacin da ya ci.